TR-808: Injin gangar da ya faɗi a kasuwa, kuma har yau ake farautar sautinsa

Ma'aikacin da ke bin hanyar Nyanya zuwa Mararaba bayan an tashi daga ofis ya san wannan sauti, ko da bai san sunansa ba. Ana cikin cunkoso sai wata mota ta matso, gilasanta a rufe, ba a jin muryar mawaƙi ko kaɗan, amma ƙofofinta na karkarwa da wani gurnani mai zurfi wanda ƙirji kan riga kunne ji. Haka a ɗakin biki, idan mai saka kiɗa ya murɗa, kofunan kan tebur su kama rawa. Masu haɗa kiɗa suna kiran wannan gurnani da lamba kawai, 808. Lambar ta wani akwatin lantarki ce da kamfanin Roland na ƙasar Jafan ya fitar a 1980, ya daina ƙera shi a 1983 bayan an yi kimanin guda 12,000, saboda kasuwa ba ta karɓe shi ba.

Yau fiye da shekara arba'in ke nan, kuma da wuya a sami situdiyo, daga Atlanta zuwa Legas, da babu wani yanki na muryar wannan akwati a kwamfutarsa. Matasa da dama da ke shiga sana'ar haɗa kiɗa sun ɗauka sirrin yana cikin mallakar injin na asali, wanda yanzu ake sayar da tsohonsa dubban daloli. Tarihin injin da yadda cikinsa ke aiki sun nuna cewa zancen ya fi haka sauƙi ta wajen kuɗi, ya kuma fi haka wuya ta wajen kunne.

Mai gyaran agogo daga Osaka

An haifi Ikutaro Kakehashi a Osaka a 1930. Tarin fuka ya kashe iyayensa yana ƙaramin yaro, kakanninsa suka raine shi. Da gyaran agogo ya fara neman abinci yana ɗan shekara goma sha shida, daga baya shi ma cutar ta kwantar da shi shekaru a asibiti. Da ya tashi sai ya koma gyaran rediyo da kayan lantarki, daga nan ya shiga ƙera kayan kiɗa. A 1960 ya kafa kamfanin da ya riƙa fitar da kaya da sunan Ace Tone, a 1972 kuma ya kafa Roland.

Injinan ganga na wancan zamani 'yan rakiya ne. An yi su ne domin mai kaɗa ogan a gida ko a otal, wanda ba shi da makaɗin da zai riƙe masa ƙafa. Ya danna maɓalli, injin ya yi ta maimaita wani salon rawa da aka riga aka dasa masa tun daga masana'anta. A 1978 Roland ya fitar da CR-78, wanda ya ba mai shi damar tsara ɗan abin da yake so, kuma shi ne ake ji a farkon waƙar Phil Collins mai suna In the Air Tonight. TR-808 ya zarce nan: mutum na iya tsara kiɗan waƙa tun daga farko har ƙarshe, da sauye-sauyensa da wuraren numfashinsa.

Matsalar ita ce a daidai lokacin wani Ba'amurke, Roger Linn, ya fitar da nasa injin, LM-1, wanda ya bi wata hanya dabam. Linn ya naɗi sautin ganguna na gaske ya adana a ƙwaƙwalwar na'ura, duk lokacin da aka taɓa sai ta maido da abin da aka naɗa. Wannan shi ake kira ɗaukar samfurin sauti, kuma tafarkin dijital ke nan. Amma ƙwaƙwalwar na'ura na da tsadar gaske a 1980, shi ya sa LM-1 ya kai kusan dala 5,000. Injiniyoyin Roland, ƙarƙashin jagorancin Tadao Kikumoto, suka ɗauki tafarkin analog mai rahusa: babu abin da aka naɗa, wutar lantarki ce za a sarrafa ta haifi kowane sauti nan take. Aka sa wa injin farashin dala 1,195.

Masu sana'a suka saurara suka taɓe baki. Babbar gangar ba ta yi kama da ganga ba, tafin bai yi kama da tafi ba, fayafayan ƙarfen kuwa kamar ana soya wani abu a kasko. Wanda ke da kuɗi ya sayi Linn. Ba a daɗe ba 808 ya cika shagunan kayan gwanjo a Amurka, har akan same shi ƙasa da dala 100.

Abin da ke faruwa a cikin akwatin

Nan ne ya kamata mai neman sautin ya tsaya ya natsu, domin duk wata dabara ta samo shi daga nan take tasowa.

Babbar gangar 808 ba fata gare ta ba. Wata 'yar da'irar lantarki ce da ke zaune shiru, sai an tsikare ta da ɗan bugun wuta ta kama karkarwa, karkarwar ta yi ta raguwa har ta mutu, kamar yadda tasa ke amo idan an ƙwanƙwasa ta da cokali. Tana karkarwa kusan sau 50 a daƙiƙa, wato can ƙasa kusa da iyakar abin da kunnen ɗan Adam ke iya tantancewa a matsayin murya. Sautin tsantsa ne, ba gauraye, sai ɗan tsalle da yake yi sama a farkon bugu na ƙasa da ƙiftawar ido, wanda shi ke ba shi ƙwanƙwasa. Akwai maɓallin murɗawa da ke tsawaita wutsiyar sautin. Idan aka murɗa shi zuwa ƙarshe, bugun ya daina zama bugu, ya koma gurnani mai jan numfashi. Babu gangar fata da ke iya wannan, kuma wannan maɓalli ɗaya ne ya yi wa injin suna.

Ƙaramar gangar, irin ta 'yan fareti, da'ira biyu ce irin waccan amma masu siririyar murya, aka haɗa su da shuuu ɗin nan da rediyo ke yi idan tasha ta ɓace. Tafin ma daga wannan shuuu aka yanko shi: gutsattsari uku ko makamancin haka a jere da sauri, tsakaninsu kamar kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, sannan ɗan amo ya biyo baya, domin kunne ya ɗauka mutane da yawa ne suka tafa ba a tare ba. Fayafayan ƙarfen kuwa muryoyi shida ne masu kaushi, waɗanda da gangan aka ƙi daidaita su da juna, aka cakuɗa, aka tace, aka bar na sama kawai. Biyu daga cikin shidan, ɗaya mai karkarwa kusan sau 540 ɗaya kusan 800, su ke ba da sautin nan mai kama da kuge wanda ba a taɓa ganin kugen da ke yin irinsa ba. Akwai kuma caki, da 'yan ganguna masu hawa uku, da bugun gefen ganga. Sauti goma sha shida ne gaba ɗaya.

Akwai wani labari game da shuuu ɗin da Kakehashi da kansa ya bayar a fim ɗin tarihi mai suna 808 na 2015. Tiransistocin da ke haifar da shi waɗanda masana'anta ta ƙi ne, don ba su cika ƙa'ida ba, Roland ya saye su saboda wannan lahanin nasu shi ke ba da irin ƙarar da ake so. Da fasahar ƙera tiransista ta inganta, masu lahanin suka daina samuwa, ya zamana ko an so ci gaba da ƙera injin babu abin yi da shi. Gyaran da aka samu a wani fage shi ya yanke wa 808 numfashi.

A gaban akwatin an jera maɓallai goma sha shida, huɗu ja, huɗu ruwan lemo, huɗu ruwan ɗorawa, huɗu fari. Kowanne na wakiltar taku ɗaya a cikin zagayen kiɗa. Ka zaɓi ganga, ka danna takun da kake so ta faɗo a kai, fitila ta kama. Wanda bai taɓa riƙe gula ba zai iya gina kiɗa cikin minti biyar. Wannan tsari shi ne har gobe ake gani a fuskar manhajar FL Studio, wadda kamfanin Image-Line na Beljiyam ya yi, kuma wadda ta zama abokiyar aikin ɗimbin furodusoshin Najeriya.

Waɗanda suka tsince shi

Ƙungiyar Yellow Magic Orchestra ta Jafan na cikin waɗanda suka fara amfani da shi tun 1980. Amma 1982 ce shekarar da ta sauya masa ƙaddara. Marvin Gaye, wanda a lokacin ya ƙaurace wa Amurka yana zaune a Beljiyam, ya gina waƙarsa Sexual Healing a kan 808, waƙar da ta samo masa lambobin Grammy biyu. A New York kuma Afrika Bambaataa da furodusa Arthur Baker suka fitar da Planet Rock, inda suka aro daga ƙungiyar Kraftwerk ta Jamus suka ɗora a kan wannan injin. A 1987 Whitney Houston ta buɗe I Wanna Dance with Somebody da shi.

Sai dai waɗanda suka raya shi da gaske su ne matasan baƙaƙen fatar Amurka marasa hali, waɗanda ba su da kuɗin hayar makaɗa ko sayen Linn. A Miami suka tsawaita wutsiyar babbar gangar har motoci suka fara gasar wanda zai fi girgiza titi. A Atlanta aka mai da ita ƙashin bayan salon da ake kira trap. A 2008 Kanye West ya sanya lambar injin a sunan kundinsa, 808s & Heartbreak. Daga baya masu salon drill suka koyi jan sautin sama da ƙasa yana cikin gurnani, abin da duk wanda ya san kalangu zai gane nan take, domin haka makaɗi ke matse tsarkiya a hammata ya sa ganga ta hau ta sauka.

Ƙanensa TR-909, wanda ya fito a 1983, shi ma haka ya faɗi a kasuwa bayan kimanin guda 10,000, shi ma aka tsince shi a gwanjo. Gangunansa analog ne amma fayafayan ƙarfensa naɗaɗɗu ne, babbar gangarsa kuma gajera ce mai naushi. A kanta aka gina kiɗan house na Chicago da techno na Detroit. Wanda ke son gurnani ya nemi 808, wanda ke son naushi ya nemi 909, kuma rikita su kuskure ne da sababbin shiga kan yi.

Sautin ya iso mana tun kafin yawancinmu su ji sunansa. Fiyanon Yamaha da aka daɗe ana haɗa waƙoƙin finafinan Hausa da shi, da yawansa na ɗauke da wani rukunin ganguna da aka rubuta wa Analog Kit, wanda kwaikwayon wannan iyali ne na injina.

Hanyoyin samo shi a yau

Hanya mafi tsada ita ce sayen na asali, kuma a ganina ita ce mafi ƙarancin hujja ga mai aiki a Najeriya. Injin ya haura shekara arba'in. An ƙera shi kala-kala gwargwadon wutar ƙasar da za a kai shi, na Jafan kan ƙarfin wuta 100, namu kuwa 230 ne, don haka wanda ya sayo bai duba ba ya jona kai tsaye ya gama da kuɗinsa. Ga wutarmu mai hawa da sauka, ga rashin mai gyara da kayan gyara. Kuma saboda tsufa da bambancin ƙananan sassa, injina biyu ba sa fitar da murya iri ɗaya sak, don haka ko wanda ya mallaki na asali, nasa kawai ya mallaka.

Akwai sababbin injina. Roland ya fitar da TR-8 a 2014, TR-08 a 2017, TR-8S a 2018, dukkansu dijital ne da ke lissafa yadda tsohuwar da'irar ke aiki su kwaikwaya. Kamfanin Behringer ya fitar da RD-8, wanda ya sake gina da'irar analog ɗin a farashi mai sauƙi. Amfaninsu shi ne hannu: maɓalli na gaske da za a murɗa ana cikin kiɗa. Akwai kuma manhajojin da ke yin wannan lissafi a cikin kwamfuta, tun daga ReBirth na 1997 har zuwa wanda Roland da kansa ke bayarwa ta hanyar biyan kuɗin wata.

Mafi yawan mutane dai samfuri suke amfani da shi, wato bugun da wani ya naɗa daga injin na gaske. Hanya ce mai kyau, amma tana da rami. A cikin injin na asali muryoyi shidan nan ba sa tsayawa, suna ta gudu ko ana kiɗa ko ba a yi, saboda haka kowane bugun faifan ƙarfe yana kama su a wani hali dabam. Shuuu ɗin ma ba ya maimaita kansa. Samfuri guda kuwa hoto ne, duk sanda aka kira shi abu ɗaya zai faɗa, kuma idan ya jeru sau goma sha shida kunne kan gaji ba tare da ya san dalili ba. Maganin shi ne a sami samfura uku ko huɗu na bugu ɗaya a riƙa juya su, a kuma bambanta ƙarfinsu. Injin na asali yana da layi na musamman na ƙarfafa wasu taku a kan wasu, kuma rabin rawar da ke cikin kiɗansa daga nan take. Haka nan rufaffen faifai yana katse buɗaɗɗe da zarar ya shigo, wanda ya manta ya saita wannan sai ya ji kiɗansa ya yi ruwa. Abin lura kuma, yanko bugu daga cikin waƙar wani daban yake da sayen samfurin da aka ba da izininsa, kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ba ta san uzurin cewa daƙiƙa ɗaya ce kawai ba a matsayin kariya ta kai tsaye.

Hanya ta ƙarshe ba ta cin ko kwabo: a gina sautin daga tushe. Kusan kowace manhajar haɗa kiɗa na da abin da ke fitar da tsantsar murya. A sa ta kusan 50, a ba ta ɗan tsalle a farko, a ja wutsiyarta. An sami babbar ganga. Wanda ya yi wannan sau ɗaya da hannunsa ya fi wanda ya tara samfura dubu sanin abin da zai taɓa idan kiɗa ya ƙi zama.

Inda aikin yake

Samun sautin bai kai sa shi ya jiyu wuya ba. Yawancin masu sauraro a ƙasar nan da waya suke ji, kuma 'yar lasifikar waya ba ta iya fitar da karkarwa 50. Furodusa zai kwana yana jin gurnani a manyan lasifikun situdiyo, ya tura wa mawaƙi ta WhatsApp, mawaƙi ya kira ya ce ina gangar take. Dabarar ita ce a ɗan ƙona sautin, wato a tura shi ta cikin abin da zai gurɓata shi kaɗan. Wannan kan haifar masa da 'ya'ya a sama, a 100, 150, 200, 250 da sauransu. Waya na iya fitar da na saman, kuma ƙwaƙwalwar ɗan Adam, da ta ji 'ya'yan a jere, sai ta cike gurbin uwar da kanta. Tsofaffin waƙoƙin da ake sha'awa sun sami wannan a ɓagas, domin sautin ya ratsa ta tebur ɗin haɗa sauti da zaren kaset kafin ya iso kunne. Abin da mutane ke kira ɗumin analog, kaso mai yawa nasa daga wannan hanya ya fito.

Sai daidaitawa. Da zarar an ja wutsiyar gangar ta zama murya, kuma dole ta jitu da muryar waƙar. Ta asali tana zaune kusa da G na can ƙasa. Idan waƙa na kan wata murya dabam aka bar gangar yadda take, za a ji wani ɗaci a ƙasan kiɗan da ba kowa ke iya nuna inda yake ba. Haka kuma ba a haɗa sarki biyu a gari ɗaya: idan 808 na riƙe da ƙasa, jitar bes ko wata babbar ganga dole ta matsa, ko a saita ɗaya ta riƙa sunkuyawa duk sanda ɗayar ta faɗo.

Ɗakin ma yana yaudara. Tsawon igiyar sauti mai karkarwa 50 ya kusa mita 7, ya fi yawancin ɗakunan da matasa ke mai da su situdiyo a Kubwa ko Lugbe. A irin wannan ɗaki, a wata kusurwa gurnanin kan ninka, a tsakiya ya ɓace, mai haɗawa ya yi ta ƙari ko ragi bisa ƙarya. Belun kunne mai kyau ya fi manyan lasifiku a ɗakin da ba a gyara ba. Ga kuma wata masifa tamu: wutar lantarkin Najeriya ita ma sau 50 take juyawa a daƙiƙa, don haka gunjin da waya mara kyau ko janareta ke sakawa cikin na'ura yana sauka daidai kan muryar gangar.

Wannan lissafi ya shafi mai albashi kai tsaye, domin shi ake kawo wa takardar kayan da za a saya idan ƙane ko ɗa ya ce ya zaɓi sana'ar kiɗa. Idan takardar ta fara da injin ganga na miliyoyi, akwai wurin tambaya. Kwamfuta mai ɗan ƙarfi, manhaja ta halal wadda ba za ta shigo da cuta ta cinye aikin shekara ba, belun kunne na ƙwarai, 'yar na'urar shigar da sauti, da abin da zai riƙe wuta idan an ɗauke, su ne ke gaba. Injin na iya jira har sana'ar ta fara biyan kanta.

Kakehashi ya karɓi lambar Grammy ta fasaha a 2013 tare da Dave Smith, saboda rawar da suka taka wajen samar da MIDI, yaren da kayan kiɗan lantarki ke magana da juna da shi tun 1983. Ya rasu a watan Afrilun 2017. Masoya injin sun mai da 8 ga Agusta ranar tunawa da shi kowace shekara. Kamfanin Roland kuwa, wanda ya shafe shekaru yana cewa ba zai koma baya ba, ya fitar da TR-1000 a 2025, injin gangarsa na farko mai da'irar analog ta gaske cikin fiye da shekara arba'in, da muryoyin 808 da 909 a cikinsa.